Dafin Maciji Gado Ne, Kowane Iri da Nasa

Jama'a, da shuka da girbi su ne lokatan da macizai suka fi saran mutane a gona. Saboda haka muna so mai gida ya tara iyalinsa ya karanta musu wannan, domin masana sun gano waɗansu abubuwa game da dafi waɗanda za su yi muku amfani.

Hausawa kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To, a cikin jikin kowace halitta akwai wani irin rubutu ƙanƙane, wanda ido ba ya gani, da ta gada daga iyayenta. Shi ke sa ɗan akuya ya fito akuya. Yanzu masana sun iya karanta wannan rubutu na gado. A shekarar 2013 suka karanta na wata babbar gamsheƙa ta ƙasashen Asiya. A 2020 kuma suka karanta na gamsheƙar Indiya, suka tarar ƙwayoyin gado 19 ne tushen dafinta.

Abin da suka gani ya ba da mamaki. Ashe dafi ba abu guda ba ne, haɗi ne na guba iri iri. Asalin gubar kuwa waɗansu abubuwa ne da ke aikin yau da kullum a jikin maciji. Sannu a hankali, zuriya bayan zuriya, suka yi ta sakewa har suka zama makami. Kamar yadda manomi ya ke ware zangarniya mai kyau ya ajiye don iri, haka macijin da dafinsa ya fi saurin kayar da abincinsa shi ya fi rayuwa ya bar 'ya'ya. Akwai ma wani irin kububuwa mai yawan cin kunama, da aka gwada dafinta a 2009 sai aka ga ya fi na 'yan'uwanta kashe kunama.

Shi ya sa saran kowane maciji da alamarsa. Dafin kububuwa, wadda a ke yi wa kirari da gobe-da-nisa, hana jini daskarewa ya ke yi. Mutum ya kan ga kamar ya sami sauƙi, sa'an nan dasashi ya fara zub da jini, ko a ga jini a fitsari. Na kasa kumburi ya ke sawa, nama ya ruɓe. Wata gamsheƙar kuwa jijiya ta ke kamawa, ido ya riƙa lumshewa, numfashi ya yi wuya.

Akwai wata magana da ta daɗe a ƙauyuka. An san dage da tunku su kan yi faɗa da maciji su kwana lafiya, sai mutane suka ɗauka wani ganye su ke ci, ko kuwa in an ci namansu za a sami tsari. Masana sun duba wannan ma, na tunku a 1992, na dage a 2015. A jikin dabba akwai wani ɗan gurbi inda jijiya ta ke ba tsoka umurni, nan gubar gamsheƙa ta ke toshewa kamar mabuɗin da ya karye cikin kwado. Su waɗannan dabbobi gurbin nasu ya ɗan sake kama, gubar ba ta samun wurin zama sosai. Haka bushiya, haka alade. Da shi aka haife su. Ba a cinsa a nama, ba a shansa a tsimi, kuma ɗan Adam bai gaje shi ba. Wanda ya dogara da abin da ya sha ya sa hannu a rami, ya sayi wahala da kuɗinsa.

Makarin gaskiya allura ce, ga yadda a ke yinta. A kan tatsi dafi, a riƙa sa wa doki ko tunkiya kaɗan kaɗan har jininsu ya koyi yaƙi da shi, sa'an nan a tace makarin daga jinin. Watau makarin ya fi sanin dafin da aka koya masa. A wani asibitin karkara a Gana an taɓa sake allura aka kawo wadda aka yi da dafin macizan Indiya. Rahoton da aka buga a 2008 ya nuna masu mutuwa sun tashi daga kusan 2 cikin 100 zuwa 12 cikin 100. Kububuwar Indiya da tamu dangi ne, amma dafinsu ba ɗaya ba ne. Don haka aka ɗebi macizai daga Nijeriya aka kai birnin Libaful na Ingila aka tatsa, aka yi allurar EchiTAb da dafinsu, aka gwada ta a asibitin Kaltungo ta Jihar Gombe.

To, in maciji ya sari wani a gidanku, kada ku tsaga wurin, kada ku tsotsa, kada ku yi ƙaho. Kada ku tamke ƙafar da igiya, gama wannan ya sha jawo yanke ƙafa. A cire zobe da munduwa tun kumburi bai hau ba. A kwantar masa da hankali, a ɗaura wa ƙafar sanda sakwa-sakwa don kada ta motsa, a ɗauke shi, kada a bar shi ya taka, a nufi asibiti nan da nan ko da dare ne. Ba sai an bi macijin ba, kada sara ɗaya ya zama biyu. Amma in an ga kamanninsa a faɗa wa likita. In tofi ne a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa tun kafin a kama hanya.

A asibiti za ku ga an ɗebi jini kaɗan an zuba cikin kwalba mai tsabta, an ajiye minti 20. In bai daskare ba, likita ya san aikin kububuwa ne, ya kuma san allurar da zai ɗauko. In ya ce a kwana, ku kwana, domin jinin ya kan sake tsinkewa bayan allurar farko har a bukaci ta biyu.