Ostareliya: masu biyan kuɗi don su yi tafiyar ƙasa a bakin teku

A nan ƙasarmu, in ka ga mutum ya goya kaya ya kama hanyar daji da ƙafa, abin da za ka fara kawowa a ranka shi ne ya rasa kuɗin mota. To a ƙasar Ostareliya lamarin ya sha bamban. Can akwai likitoci da malaman makaranta da ma'aikatan banki, har da tsofaffin da suka yi ritaya, waɗanda ke ajiye motocinsu a gida ranar Asabar, su goya jikka mai kilo 10 ko fiye, su wuni suna tafiya, su kwana cikin tanti, kuma a kowace shekara su biya kuɗin ƙungiya don a bar su su sha wannan wahala. Ɗaya daga cikin tsofaffin ƙungiyoyin nan ita ce Sydney Bush Walkers, wadda aka kafa a birnin Sidni a 1927. A yau za mu bi sawun irin wannan ayari a kan wata hanya da suka daɗe suna takawa, wato hanyar gaɓar teku ta gandun dajin Royal.

Gandun yana kudu da Sidni da kimanin kilomita 30, kuma tun 1879 aka keɓe shi, abin da ya sa yake cikin mafiya tsufa a duniya, bayan Yellowstone na Amurka. Faɗinsa bai wuce hekta dubu 15 da ƴan kai ba, wato ɗan mitsitsi ne in an gwada shi da namu gandun W. Sai dai shi yana da abin da mu ba mu da shi: teku. Hanyar tana da tsawon kilomita 26, daga ƙauyen Bundeena a arewa zuwa Otford a kudu, kuma galibi kwana biyu ake yi mata.

Tun kafin ranar tashi aiki ke farawa. Kowace tafiya tana da madugu, ɗan ƙungiya ne da ya san hanyar, kuma ba a biyan shi ko dala. Shi ke duba labarin yanayi da lokutan cikar teku, shi ke rubuta sunayen masu zuwa, ya bar takardar a hannun wani a gari, don in ba a ga dawowarsu ba a san inda za a nema. Yana da ikon ce ma mutum: wannan tafiya ta fi ƙarfinka. Sabon shiga kuwa ba ya zama cikakken ɗan ƙungiya sai ya yi tafiye-tafiyen gwaji, ya nuna ya iya karanta taswira da ba da taimakon farko. In an kama hanya, akan sa wani gogagge a can baya wanda ba ya barin kowa ya rage. Duk wanda ya san tsarin ayarin fatake ba zai yi mamakin wannan ba.

Daga Sidni jirgin ƙasa ake shiga zuwa Cronulla, sannan ƙaramin jirgin ruwa ya tsallakar da mutane zuwa Bundeena cikin kamar rabin awa. Kusa da nan, a kan duwatsun Jibbon, akwai zane-zanen da al'ummar Dharawal suka sassaƙa, su ne masu ƙasar tun kafin Turawan Ingila su sauka a 1788. Daga nan sai hanya ta haye kan gaɓa, dutse ne tsaye kamar ganuwa, teku na dukan gindinsa can ƙasa. Itatuwan wurin gajeru ne, iska ta hana su tsawo, saboda haka inuwa sai an yi da gaske. Tsakanin watan Mayu da Nuwamba akan hango manyan dabbobin tekun nan da ake ce ma balen da Faransanci suna wucewa, zuwa arewa su haihu, sannan su komo kudu da ƴaƴansu.

A wannan sashe ne mutum ke fara gane dalilin tsaurin madugu. Akwai wani farin dutse mai kusurwa kamar an yanka da wuƙa, Wedding Cake Rock, wanda matasa suka mayar wurin ɗaukar hoto. A 2014 wani ɗalibi ɗan Faransa ya rasa ransa a kusa da wurin bayan da bakin gaɓar ya zube da shi. A 2015 binciken masana ya nuna dutsen yana iya ruftawa cikin teku, sai hukuma ta kewaye shi da shinge. Duk da haka an ci gaba da samun masu tsallake shingen. Su ƴan ƙungiya kallo suke yi daga nesa su wuce.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, babbar matsalar tafiyar bakin teku ita ce ruwan sha. Ga ruwa iyakar ganinka, amma na gishiri ne. Ƙoramu suna nan, kamar ta Wattamolla, da ta Curracurrong wadda ke zubowa daga kan dutse kai tsaye cikin teku, har in iska ta yi ƙarfi ta maido ruwan sama. To amma ba a shan ruwansu sai an tafasa ko an sa magani, kuma da rani wasu kan ƙafe. Don haka kowa ke ɗauke da litoci da dama, kuma kowace lita kilo guda ce a gadon baya. Mu tuna kuma lokacin zafinsu daga Disamba ne zuwa Fabrairu, daidai lokacin da mu muke fama da hunturu.

Bayan kimanin kilomita 18, an wuce bakin ruwan Garie, sai a gangara North Era, wani fili mai ciyawa a bayan tudun rairayi, inda masu tafiya suka saba yada zango tun shekarun 1930. Ba a hura wutar itace, kowa da ɗan reshonsa na gaz. Dalili kuwa sananne ne: a watan Janairun 1994 gobarar daji ta cinye fiye da kashi 90 cikin 100 na gandun. Shara ma ba a binnewa, duk abin da ka shigo da shi a jikkarka zai fita. Nan bakin rairayin akwai wani tarin ɓawon kifin kwanso da aka kewaye, ragowar abincin Dharawal ne na ɗaruruwan shekaru.

Wannan zango yana da tarihi, kuma a ganinmu nan ne zancen yake. A shekarun 1930 yawancin filayen wannan yanki ba su cikin gandun, ana kiwo a wasu, wasu kuma masu neman wurin gini sun sa musu ido. Masu tafiyar ƙafa ne suka tashi tsaye. Sun haɗa ƙungiyoyinsu cikin tarayya guda a 1932, suka tattara sa hannun dubban mutane, a ƙarƙashin jagorancin irin su Myles Dunphy, har gwamnatin jihar ta keɓe yankin Garawarra a 1934. A shekarun 1940 kuma ƴan Sydney Bush Walkers suka yi karo-karo suka sayi wani fili a North Era da kuɗin aljihunsu, don kada a gine shi, kafin daga baya a haɗe shi da gandun. A arewacin Sidni ma haka aka yi: Marie Byles, mace ta farko da ta yi aikin lauya a jihar, ita ta matsa har aka keɓe gaɓar Bouddi a 1935. Mutanen nan ba ministoci ba ne, ba kuma attajirai ba. Sun dai taka wurin da ƙafarsu, sun san kowace ƙorama da sunanta, shi ya sa da aka zo rabon filin suka iya buɗe baki. Sai dai kada mu manta, ƙasar da suka ceto daga masu gini an riga an raba ta da masu ita na asali tun da daɗewa.

Kwana na biyu gajere ne, kilomita 8, amma shi ya fi cin gwiwa. Hanya takan ratsa ta gaban wasu ƴan bukkoki na katako da kwano a Era da Burning Palms, waɗanda da yawansu marasa aikin yi suka kafa lokacin matsin tattalin arzikin shekarun 1930, suna rayuwa da kifi da zomaye. A 2012 an sa su cikin kayan tarihi na jihar. Kudu da Burning Palms akwai wasu ramukan ruwa a kan falalen dutse masu siffar lamba 8. Teku tana cika tana janyewa sau biyu a kowace rana, kuma ba a zuwa wurin sai ta janye, ta kuma kwanta. A watan Janairun 2016 igiyar ruwa ta share mutane da dama a kan falalen, aka kwashi wasu zuwa asibiti. In madugu ya duba ya ce ba a sauka, to ba a sauka, ko da mutum don ramukan ya zo.

Daga nan sai a shiga wani kurmi mai duhu, cike da itatuwa dangin giginya, ƙasa a jiƙe, matsattsaku na jiran ƙafar wanda bai ɗaure bakin wandonsa ba. Bayan kurmin hawa ne mai tsawo har zuwa kan tudun Otford. Can ƙasa cikin kwari tashar jirgin ƙasa take. Madugu ya ƙirga mutanensa, ya buga waya gari ya shaida an fito lafiya, sannan a gangara a jira jirgin Sidni.