Rufin Ɗaki da Rufin Asiri

Duk shekara, idan bazara ta yi nisa hadari ya fara leƙowa daga gabas, akwai kafintan da nake kira ya duba mini kwano. Da sassafe yake zuwa, tun kwano bai ɗau zafi ba. Kafin ya jingina tsani sai ya ce, "Malam, a tura yaro maƙwabta a ce za a hau sama." Yaro ya zaga gidajen da ke kewaye da mu, mata su ja mayafi ko su shige ɗaki, mai wanka a makewayi ya hanzarta ya fito. Sai an dawo an ce sun ji, sannan ya tuɓe takalmi ya hau.

Na sha tsayawa a tsakar gida ina kallon tafiyarsa. Ba ya taka inda ya ga dama. Layin ƙusa yake bi, don a nan katako yake a ƙasa. Ƙafa ta kauce taku ɗaya, kwanon da tsatsa ta ci zai iya ɓurmawa da shi. Yakan durƙusa ya danna wuri da babban yatsa, ya ji ko ƙusa ta saki, ya zare ta ya buga sabuwa. Har ya sauko gabana faɗuwa yake yi, domin na san magina da kafintocin da hawa ɗaya ya mayar da su zaman gida.

A Amurka wannan hawan ya fara komawa hannun na'ura. Ƙaramin jirgi ne maras matuƙi, mai farfela huɗu da kyamara a ƙirjinsa, irin wanda masu ɗaukar hoton biki ke tayarwa a kan taro. Abin da ya tura shi kan rufin gidaje kuwa inshora ce. A can yawancin gidaje da bashin banki ake sayen su, banki kuma ba ya ba da bashi sai gida yana da inshora. Iska da ƙanƙara su ne kan gaba cikin abubuwan da ke sa masu gida neman diyya, kuma rufi suke fara duka. Da, duk wanda ya ce ƙanƙara ta ɓata masa rufi, sai kamfani ya turo ma'aikaci ya hau ya gani da idonsa. Rufin nasu tudu gare shi sosai, sau da yawa a kan bene, ga santsi. Faɗowa daga sama ita ce ta fi kashe ma'aikatan gini a ƙasar, kuma aikin rufi yana cikin jerin sana'o'in da suka fi cin rai.

A 2015 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta ba kamfanin State Farm izinin gwada waɗannan jirage wajen duba rufi, ya zama na farko cikin kamfanonin inshora. Ran 29 ga Agusta 2016 sabuwar ƙa'ida ta fara aiki, wadda suke kira sashe na 107: duk wanda ya ci jarrabawa ya karɓi lasisi zai iya neman kuɗi da jirgin da nauyinsa bai kai kilo 25 ba, muddin bai wuce ƙafa 400 a sama ba, wato wajen mita 120, kuma idonsa na kan jirgin. Shekara ɗaya bayan haka guguwar Harvey ta afka wa jihar Texas, birnin Houston ya nutse cikin ruwa. Gidajen da ke jiran a duba su sun fi ƙarfin masu tsani, sai kamfanoni suka tayar da jirage. Daga nan abin ya zama aikin yau da kullum.

Yadda yake aiki ba shi da wuyar ganewa. Mai jirgi zai shata iyakar gida a taswirar da ke cikin wayarsa, jirgi ya tashi ya riƙa kai da komo a kan rufin, layi bayan layi, kamar mai huɗa yana bin kunya. Kowane hoto da ya ɗauka yana hawa kan na baya da kusan kashi uku cikin huɗu, saboda haka kowace kusurwa takan fito a hotuna da dama, daga ɓangarori daban-daban. Rufe ido ɗaya ka gwada zira zare a allura, za ka ga amfanin ido biyu wajen gane nisa. Haka manhajar kwamfuta ke yi da ɗaruruwan idanu: ta haɗa hotunan ta gina surar rufin mai tsawo da faɗi da tudu, wadda za a juya ta a auna ta ana zaune a ofis. Da a nan ne, kafinta zai faɗa maka bandir nawa na kwano za ka saya ba tare da ya ja tef ba. Batir ɗaya yakan yi wajen rabin awa, kuma ya isa a gama gida guda.

Akwai kuma kyamara mai ganin zafi, wadda ta fi burge ni. A rufi shimfiɗaɗɗe, irin na manyan shaguna da ma'aikatu, ruwa kan shiga ƙarƙashin fatar sama ya kwanta, ido ba ya ganinsa. To jiƙaƙƙen abu ya fi busasshe riƙe zafi. Rana ta yini tana dukan rufi, da ta faɗi busasshen wuri sai ya yi saurin hucewa, wurin da ya sha ruwa kuwa ya ci gaba da ɗumi. A tashi jirgi bayan magariba, sai tabon ya fito fili a hoto, a yi masa alama, a gyara nan kaɗai maimakon a yaye rufi duka. Sai dai a kan kwano mai sheƙi wannan kyamara ruɗewa take yi, domin ƙarfe mai ƙyalli kamar madubi yake gare ta, sanyin sararin sama yake nuna mata maimakon zafin jikinsa.

Duk da haka, jirgi ido ne kawai, ba shi da yatsa. Rufin Amurkawa galibi ƙananan falle-falle ne na kwalta da aka barbaɗa wa tsakuwa. Tsofaffin masu duba ɓarna sukan zana murabba'i da alli, ƙafa goma ta kowane gefe, su ƙirga bugun ƙanƙara a ciki, su danna kowanne su ji ko wurin ya yi laushi kamar mangwaron da ya faɗo. Hoto ba ya jin laushi. Ba ya ɗaga falle ya ga ko ya ɓanɓare, ba ya shiga cikin silin ya ga katakon da gara ta cinye ta bar ɓawo. Duk wanda ɗakinsa ya taɓa yoyo ya san cewa inda ruwa ke ɗiga ba lallai nan ya shiga ba. Yakan bi katako ya yi tafiya kafin ya sauko. Shi ya sa masu aikin gaskiya ke tayar da jirgi don su san inda za su jingina tsani, su hau sau ɗaya maimakon sau goma.

Inda abin ya fara ɓaci shi ne lokacin da kallon ya daina zama da sanin mai gida. A 2024 jaridar Wall Street Journal ta ba da labarin yadda kamfanonin inshora ke tara hotunan gidajen mutane daga sama, wasu da jirage marasa matuƙa, mafi yawa da ƙananan jirage masu matuƙi da ke shawagi a kan birane, sannan su ba ƙirƙirarriyar basira ta tantance. Ita za ta ce wannan rufi ya tsufa, wancan reshen bishiya ya rufe shi, wancan gansakuka ta kama shi. Mutum yana zaune sai wasiƙa ta zo cewa ba za a sabunta masa inshora ba. Wasu sun koka cewa tsohon hoto aka yi musu hukunci da shi, na kafin su sake rufi. Wasu suka ce inuwa aka ɗauka lalacewa. Wasu suka nemi a nuna musu hoton aka yi ta ja musu rai. Ga mai bashin banki a wuya, rasa inshora ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Sai da hukumomin kula da inshora na wasu jihohi, irin su Connecticut da Pennsylvania, suka ja kunnen kamfanoni cewa tabon da bai wuce canjin launi ba bai isa hujjar korar mutum ba.

Wannan ya tsaya mini a rai. Na'urar da aka kawo don kada ma'aikaci ya faɗo ya karye, ita ce aka juya ta zama mai leƙe, wanda ake leƙen kuwa bai sani ba, bare ya kare kansa. A ganina duk wanda za a yanke wa hukunci da hoton gidansa yana da haƙƙin ya ga hoton, ya san ranar da aka ɗauke shi, ya kuma nemi mutum mai rai ya zo ya duba.

Mu a nan inshorar gida ba ta damu yawancinmu ba, amma jirgin ya riga ya iso. Muna ganinsa a biki da hawan salla. Tun 2022 kamfanin Zipline ke kai magunguna asibitocin karkara a jihar Kaduna da wani irinsa mai fiffike. Ba mu kuma manta da Tudun Biri ba, inda a Disamba 2023 jirgin soja maras matuƙi ya hallaka masu taron Maulidi da dama. Mutanen da suka ji wannan labari ba za a zarge su ba idan gabansu ya faɗi da jin kukan farfela a kan gida. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta ce ba a tayar da irin waɗannan jirage a Najeriya sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, don haka mai son shiga sana'ar takarda zai fara nema kafin na'ura.

Kuma akwai aikin da zai yi mana. Kowace damina, iskar farkon ruwa sai ta yaye rufin azuzuwa, yara su koma gindin bishiya. Kwanon ba dare ɗaya ya saki ba. Ya daɗe yana kaɗawa babu wanda ya hau ya gani. Mutum ɗaya da jirgi ɗaya zai iya zaga makarantun ƙaramar hukuma cikin watan Maris, a san wanne ne ba zai jure iska ba. Haka rumfunan kasuwa, da sito, da manyan masallatai masu tsawon da kafinta ke tsoro. Ko soron ƙasa, mai azara da yaɓe, abin da ke kashe shi daga sama ake ganinsa: tsaga a jikin yaɓe, ciyawar da ta tsiro tana kafa saiwa, indararon da shara ta toshe har ruwa ya kwanta. Ruwa ya kwana a kan soro, nauyi ya ƙaru, ƙasa ta jiƙe, sai a ji labarin ɗaki ya faɗa wa masu barci.

Sai dai gidanmu ba irin nasu ba ne. Gidan Ba'amurke duk rayuwarsa a ƙarƙashin rufi take. Wanda ya kalle shi daga sama, rufi da ciyawa da mota zai gani. Namu kuwa zuciyarsa a buɗe take ga sama. A tsakar gida ake girki, ake wanki, ake shanya, ake yi wa jariri wanka, ake kitso, a nan mace ke ajiye mayafinta ta sha iska. Zaure da katanga an gina su ne don su tare idon da ke zuwa ta gefe. Maginan da suka tsara su sun san ba mai zuwa ta sama sai tsuntsu da mai tsani, shi kuwa mai tsani an koya masa ya aika kafin ya hau. Malaman Malikiyya ma sun daɗe da hana mutum buɗe tagar da za ta leƙa cikin gidan maƙwabcinsa. A cikin birnin Kano ko Zariya ko Damagaram, inda katanga ke jingine da katanga, jirgin da ya tashi duba rufi ɗaya zai kwaso tsakar gida goma. Kafinta idan idonsa ya faɗa inda bai dace ba, kau da kai yake yi, abin ya wuce. Hoto ba ya wucewa. Yana nan cikin waya, gobe a tura wa aboki, jibi a gan shi a WhatsApp.

Ban ga dalilin da zai sa a ƙi jirgin saboda wannan ba, ban kuma ga dalilin da zai sa a ɗauke masa abin da aka ɗora wa mai tsani ba. A sanar da mai unguwa, a aika maƙwabta a faɗa musu lokaci. A tashi ƙasa-ƙasa, kyamara na kallon rufin da aka zo dominsa, ba a yi can sama ana ɗaukar unguwa don hoto ya yi kyau ba. Abin da ya faɗo ciki na gidan wani a goge shi a gaban mai gida kafin a bar wurin. Hotunan kuma na wanda aka duba wa rufi ne, ba kayan tallan mai jirgi ba.

Bana da kafintana ya zo, na nuna masa bidiyon wani yana duba rufi da jirgi. Ya riƙe wayar ya kalla har ƙarshe, ya ce a mayar baya ya sake ganin inda kyamara ta matso kan ƙusa. Ya tambaye ni ko tana ganin katakon ciki, na ce a'a. Ya ce akwai wata makarantar bene da aka kira shi sau biyu ya ƙi zuwa, don gwiwarsa ba ta da ƙarfin da, kuma da zai sami mai irin wannan ya fara nuna masa inda matsalar take, da ya karɓi aikin. Ya miƙo mini wayar, ya ƙwala wa yaro kira ya je ya faɗa wa maƙwabta, ya zauna a kan tsaninsa yana kwance takalmi kafin a dawo.