Yadda Aka Raba Teburin Ubangiji a Afirka ta Kudu

Idan aka ambaci wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, yawancinmu mukan tuna da shekarar 1948, lokacin da jam'iyyar Turawa jikokin 'yan Holan ta hau mulki ta mai da wariya tsarin ƙasa. Amma mu masu hidimar ikkilisiya ya kamata mu koma baya fiye da haka, gama an raba masu bi a teburin Ubangiji shekara 91 kafin wannan lokaci.

A 1829 majalisar ikkilisiyar Dutch Reformed ta yankin Cape ta yanke cewa a ba dukan masu baftisma Jibin Ubangiji tare, ba tare da duban launi ba. Waɗansu fararen fata a ƙauyuka suka yi ta gunaguni. A 1857 majalisa ta sāke zama a kan batun. Ba ta musanta gaskiya ba. Ta yarda cewa yin sujada tare shi ne abin da ya dace da Nassi, sai dai saboda raunin waɗansu ta ba da izini a yi wa sabbin tuba sujada a wani gini dabam. Mu lura, masu raunin su ne fararen da suka ƙi shan ƙoƙo ɗaya da 'yan'uwansu, amma waɗanda aka fitar waje su ne baƙaƙe. Izinin ya zama al'ada, har a 1881 aka kafa ikkilisiya dabam domin masu ruwa biyu. Daga baya malaman tauhidi suka nemo wa abin ayoyi, musamman labarin hasumiyar Babila a Farawa 11 da Ayyukan Manzanni 17:26, suna koyar da cewa rabuwar al'ummai nufin Allah ne.

Manzo Bulus ya gamu da irin wannan a Antakiya. Bitrus yana cin abinci tare da Al'ummai, da mutane suka zo daga wurin Yakubu sai ya janye don tsoro, har Barnaba ya bi shi. Bitrus bai canja ko kalma ɗaya ta wa'azinsa ba, wurin zama kawai ya canja. Duk da haka Bulus ya tsauta masa a gaban kowa, ya ɗauki abin a matsayin kauce wa gaskiyar bishara. Duk mai koyar da Galatiyawa 2:11-14 ya kamata ya ajiye shawarar 1857 kusa da shi.

Gyara ya zo a makare. A 1982, a taron ikkilisiyoyin Reformed na duniya a Ottawa ta ƙasar Kanada, aka bayyana cewa kāre wariya da Nassi koyarwar ƙarya ce. A shekarar nan ikkilisiyar da aka ware tun 1881 ta tsara Shaidar Bangaskiya ta Belhar, ta karɓe ta a 1986, a kan haɗin kai da sulhu da adalci.

Labarin nan bai yi nisa da mu ba. 'Yan mishan na wannan ikkilisiya ta Dutch Reformed ne suka fara aiki a cikin Tibi, a Sai, a 1911. Muna godiya saboda aikinsu, amma wannan ya nuna mana cewa himmar bishara da wariya suna iya zama a gida ɗaya.

Mu a nan launinmu ɗaya ne, tamu damuwar kabilanci ce. Kada kuwa a yi mana mummunar fahimta: sujada da Birom ko Bajju ko Margi ba zunubi ba ce, a ranar Fentikos ma kowa ya ji bishara da harshensa. Abin dubawa shi ne dalilin rabuwar. In an buɗe sujadar yare domin tsofaffi ba sa jin Hausa sosai, hidima ce. In kuwa majami'a ta ƙi faston da aka tura mata domin "ba ɗan ƙasa ba ne", ko an yi shekara ashirin kabila ɗaya ce ke cin zaɓen dattawa alhali rabin membobi baƙi ne, to mun shiga wata magana dabam. Sau da yawa a majalisa mukan ce a bar abin haka nan tukuna don kada mutane su watse. Wannan ita ce hujjar da majalisar 1857 ta kawo, ikkilisiyoyin da aka raba a can kuwa har yau ba su gama haɗuwa ba.