Masu Magana da Yawun Gwamnati: Sana'ar da Matasa Suka Shigo da Ƙarfi

Babu gwamna a Najeriya da ba shi da mai magana da yawunsa. Haka ministoci da sanatoci, har shugabannin ƙananan hukumomi sun bi sahu. Sunayen muƙaman suna da yawa: babban sakataren yaɗa labarai, mai ba da shawara na musamman, babban mataimaki kan kafafen sada zumunta. A bakin 'yan siyasar Kano kuwa an taƙaita, ana cewa wane ɗan midiyar mai girma ne. Aikin dai ɗaya ne. An ɗauke ka ka ari bakin maigida ka yi magana da shi, kuma duk abin da ka furta, a kansa za a rubuta.

A da, sai gemu ya yi furfura a ɗakin labarai kafin a kira mutum wannan kujera. Olusegun Adeniyi editan jaridar ThisDay ne lokacin da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ɗauko shi a 2007. Reuben Abati yana shugabantar kwamitin ra'ayin jaridar Guardian Goodluck Jonathan ya kira shi a 2011. Femi Adesina da Malam Garba Shehu, waɗanda suka yi wa Muhammadu Buhari aiki daga 2015 zuwa 2023, kowannensu ya taɓa shugabantar ƙungiyar editocin Najeriya, kuma Garba Shehu ya yi zamaninsa a jaridar Triumph ta Kano. Zaɓen 2015 ne ya buɗe wata sabuwar ƙofa. A wannan kakar jam'iyyar APC ta yi hayar kamfanin AKPD na Amurka, wanda David Axelrod, mashawarcin Barack Obama, ya kafa, aka kuma ga yadda Facebook da Twitter suka zama filin kamfe. Bayan an ci zaɓe, a 2016, Buhari ya naɗa Bashir Ahmad, ɗan jihar Kano da a lokacin bai kai shekara 30 ba, mataimakinsa kan sababbin kafafen yaɗa labarai. Tun daga nan duk yaron da ya iya rubutu, yake da mabiya a waya, ya fara hango kansa a gidan gwamnati.

Wanda bai zauna kusa da su ba yana zaton aikin saka babbar riga ne da tsayawa gaban kyamara. Wannan kaɗan ne daga ciki. Mai magana da yawu yana sallame sallar asuba wayarsa ce a hannu: me jaridun Legas da Abuja suka buga, me aka ce a shirin safe na BBC Hausa da DW, wane bidiyo ne ya kwana yana yawo a WhatsApp. Kafin ƙarfe takwas dole ya san wace magana ce za ta mutu da kanta idan an ƙyale ta, wace ce kuma za ta kai la'asar tana ci. Wannan tantancewa ita ce rabin gwaninta. Sabon shiga yana mayar da martani ga kowa, ya ɗauko zancen da mutum ɗari suka gani ya kai shi gaban dubu ɗari.

Sai rubuta sanarwa. A ce gada ta karye a wata ƙaramar hukuma cikin dare. Zai kira kwamishinan ayyuka, wayar a kashe. Zai kira babban sakataren ma'aikatar, ya ce masa sai injiniya ya dawo daga wurin. 'Yan jarida biyar suna kan layi, ɗaya na cewa ƙarfe goma zai shiga labarai, da martani ko babu. Ya zauna ya tsara sakin layi huɗu: abin da ya faru, jajen gwamna, umarnin da aka bayar, abin da za a yi gobe. Sannan ya tsaya a ƙofar ofis yana jiran jami'in tsare-tsare ya ba shi minti biyu. “Ranka ya daɗe, ga abin da za mu fitar.” Gwamna ya duba, ya soke layi ɗaya, ya ce kada a ambaci adadin kuɗi tukuna. Daga nan sanarwar ta rabu biyu: ta Turanci ga jaridu, ta Hausa kuma a naɗe da murya a tura wa gidajen rediyo. Ta biyun ta fi wuya, domin kalmomin da ke ɓoye abu a Turancin ofis, da an juya su Hausa sai su fito tsirara, mai sauraro a kasuwar Kurmi ya gane an kauce wa tambaya.

A Arewa rediyo har yanzu ita ce uwa. Tun da Freedom Radio ta fara aiki a Kano a 2003, shirye-shiryen siyasa na dare irin su Kowane Gauta suka haifar da wani rukuni da ake kira sojojin baka, masu shiga su kare gwaninsu su caccaki na wani. Ba ma'aikatan gwamnati ba ne, amma mai magana da yawu da ya san aikinsa ya san su ɗaya bayan ɗaya, ya san wanda ke bin layin da aka ba shi da wanda zai zarce ya zagi iyayen mutane ya jawo wa gwamnati abin kunya. Akwai kuma zancen kuɗin mota da ake miƙa wa wakilan kafafen labarai bayan taro, abin da kowa a harkar ya sani. Ina ganin wannan al'ada ta cuci ɓangarorin biyu, domin labarin da aka saya, mai sayensa ma ba ya yarda da shi.

Abin da ya fi komai nauyi a sana'ar shi ne kusanci da maigida. Kakakin da ba ya shiga ɗakin da ake yanke shawara, jita-jita yake rabawa da hatimin gwamnati. Adeniyi ya ɗanɗana wannan. A Nuwamba 2009 aka fita da 'Yar'aduwa zuwa Saudiyya jinya, ƙasa ta zauna wata da watanni ba ta san halin da shugabanta ke ciki ba, har Majalisar Tarayya ta mai da Jonathan muƙaddashi a Fabrairu 2010. A littafinsa Power, Politics and Death na 2011, Adeniyi ya ba da labarin wannan lokaci daga ciki, lokacin da kakaki ke amsa tambayoyi kan majinyacin da mutane ƙalilan ne ke iya ganinsa.

Ciwon shugaba ya sake gwada wani kakakin a 2017. Buhari ya dawo daga Landan a watan Agusta bayan fiye da kwana 100, aka ce daga gida zai riƙa aiki. Garba Shehu ya shaida wa manema labarai cewa ɓeraye sun yi ɓarna a ofishin shugaban, duniya ta ɗauka ta yi ta yayatawa. A 2025, a littafinsa According to the President, ya bayyana cewa ya jefa zancen ɓerayen ne don ya kawar da hankalin jama'a daga batun lafiyar shugaban. Wasu matasa a harkar sun yaba, suna cewa dabara ta yi aiki. Ni ban ga abin koyi a nan ba. An tsallake mako guda na tambayoyi masu zafi, amma duk wanda ya hau wannan kujera daga baya ya gaji shakkar da aka shuka, ranar da zai sanar da abin da ya shafi rayukan mutane sai an tsaya ana tambaya ko wannan ma dabara ce.

Matasa kuma nasu tarkon gaggawa ce. Ajuri Ngelale, wanda ya yi aiki a gidajen talabijin na AIT da Channels, yana cikin shekarunsa na talatin Shugaba Bola Tinubu ya naɗa shi kakakinsa a 2023. Yana da lafazi, yana da kwarjini a gaban kyamara. A Satumban shekarar ya sanar cewa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ɗage takunkumin biza da ta sa wa 'yan Najeriya nan take. Ba a jima ba wani jami'in ƙasar ya shaida wa CNN cewa babu abin da ya sauya, kuma sai a Yuli 2024 aka dawo da bayar da bizar. A Satumba 2024 Ngelale ya ajiye aikin, yana mai cewa rashin lafiya a iyalinsa ne dalili. Irin wannan tuntuɓe yana faruwa ne idan kakaki ya fito daga taro da abin da yake fatan an cim ma, bai jira takardar da ɗaya ɓangaren ya amince da ita ba.

Tambayar da ta fi damun masu wannan aiki a ɓoye ita ce: ina nawa bakin? Salihu Tanko Yakasai, wanda aka fi sani da Dawisu, ɗa ga dattijon siyasa Alhaji Tanko Yakasai, ya ba da tasa amsar a bainar jama'a. Yana mai ba Gwamnan Kano Abdullahi Umar Ganduje shawara kan yaɗa labarai, a Oktoba 2020 ya soki yadda Buhari ya tunkari zanga-zangar EndSARS, aka dakatar da shi. A Fabrairu 2021, da aka sace 'yan mata 'yan makaranta a Jangebe ta jihar Zamfara, ya rubuta cewa gwamnatin jam'iyyarsu ta gaza kare rayuka, ko ta magance matsalar ko ta sauka. Hukumar DSS ta tsare shi, Ganduje ya sallame shi. A Kano an rabu biyu a kansa. Wasu suka ce ya faɗi abin da ke cikin zuciyar kowane uba a ranar. Wasu suka ce amanar aiki ta buƙaci ya shiga ya faɗa wa maigidansa a ɗaki, in ba a ji ba ya miƙa takardar ajiye aiki, sannan ya fito ya yi magana da sunansa. Na fi karkata ga na biyun a matsayin ƙa'idar sana'a, duk da ban ga laifin zafin da ya ji ba. A zaɓen 2023 ya tsaya takarar gwamnan Kano a jam'iyyar PRP.

Kujerar ba ta da fansho, wa'adinta wa'adin maigida ne, wani lokaci ma ba ta kai nan. Tsofaffin 'yan jarida suna da gidan komawa: Adeniyi ya koma ThisDay yana rubuta sharhinsa na mako, Abati yana gabatar da shirin safe a Arise TV. Saurayin da ya tashi daga shafin Facebook kai tsaye zuwa gidan gwamnati ba shi da wannan. Idan an rantsar da sabuwar gwamnati ranar 29 ga Mayu, zai mayar da mota, ya miƙa makullin ofis da lambobin sirrin shafuka, ya fara neman wani ɗan takarar, wanda sau da yawa shi ne mutumin da ya shekara huɗu yana yi wa raddi. Daniel Bwala ya yi magana da yawun kamfen Atiku Abubakar a 2023, a Nuwamba 2024 kuma Tinubu ya naɗa shi mai ba shi shawara, kuma har yau masu adawa suna ɗauko tsofaffin bidiyoyinsa suna ajiye su kusa da sababbi.