Wanda Ya Kame Tsakiya Shi Ke da Wasa

A zangon da ya wuce 'yan aji uku sun lallasa mu a wasan ces har sau huɗu. Da muka zauna muka duba, sai muka gane laifinmu ne. Muna ta tura sojojin gefe, su kuwa suna kame tsakiyar allo.

Duk mai bi ta wajen tashar jirgin ƙasa zuwa Fagge ya saba ganin dattawa suna dara a gindin bishiya. Ces ma irin dara ce, sai dai allonta gida 64 ne, kowa da 'ya'ya 16, takwas daga ciki sojoji. Tsakiyar ita ce gidaje huɗu: d4, e4, d5 da e5. Doki a nan yana iya tsalle zuwa gida 8, a lungu kuwa 2 kacal.

Shi ya sa muke koyon buɗewar Italiya, wadda Gioachino Greco ya yi rubutu a kanta tun wajajen 1620. Fari zai tura soja e4, baƙi ya tare shi da e5. Dokin fari ya fito f3 yana neman cin sojan, dokin baƙi ya fito c6 ya kare shi. Sai bishof ɗin fari ya tafi c4 yana hararar f7, gidan da sarki kaɗai ke gadi, na baƙi kuma ya tafi c5.

A nan dabarar take. Fari zai tura soja c3. Da farko mun ɗauka ɓata lokaci ne, ashe shiri ne. Idan baƙi ya fito da doki f6, fari ya tura d4. Baƙi ya ci, sojan c3 ya rama. Ga sojoji biyu kafaɗa da kafaɗa a d4 da e4, kuma bishof ɗin baƙi na cikin haɗari. Amma a kula, zai koma b4 ya far wa sarki. Mu dai muna tare shi da bishof a d2.

Za mu sake karawa da 'yan aji uku kafin jarrabawa. Mai son koyo ya same mu ranar Laraba lokacin tara. Wanda ba shi da allo ya zana a kwali, ya tara marafen kwalba 32.