Mai Gida da Baƙonsa

 

Ɗan'uwana, me ya kan sa mutum ya zama babba a cikin kasuwa? Za ka ce kuɗi. To, bari mu duba yadda kakanninmu suka yi a wannan ƙasa.

A zamanin dā fatake su kan taso daga Kano cikin ayari, su yi watanni a hanya, kāna su iso Salaga a ƙasar Gwanja garin sayen goro. Ga baƙo ya sauka, bai san kowa ba, ba ya jin harshen gari. Wa zai karɓe shi? Sai mai gida, wanda waɗansu su ke kira fatoma. Shi zai ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya aiki dillalinsa ya nemo mai saye. Yawanci ba ya karɓar kuɗin ɗaki, la'adar ciniki ita ce rabonsa.

Amma abin da ya fi duka nauyi shi ne lamuni. In an sayar wa mahauci shanun baƙo bashi, mai gida ne ya tsaya. Mahauci ya ƙi biya, mai gida ya biya daga aljihunsa. Ka ji kaya! Sabili da haka tilas ya san halin kowane mai saye, wanda ya kan cika alkawari da wanda ya kan ɓuya ran biya. In ya bar baƙo guda ya koma gida da kuka, labari zai riga shi isa Kano, baɗi kuwa ayari ya sauka a ƙofar wani.

Yaƙi ya watsa Salaga a shekara ta 1892, fatake suka bazu zuwa Kumashi da Ankara, babban birninmu, da wannan al'ada a hannunsu. Nima ɗin nan ma haka ta fara. A shekarun 1930 Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu, ya sami fili daga hannun mutanen Ga. Baƙi suka riƙa sauka wurinsa, ya na ba su wurin zama, har daji ya zama unguwa, shi kuwa ya zama shugabanta.

A 2021 hukuma ta tashi masu albasa daga Agbogbloshie, daura da Fadama, ta kai su Adjen Kotoku, can bayan gari. A ganina, wanda ya riƙe amanar mai kawo albasa daga Galmi ta ƙasar Nijar, rumfa kaɗai ya rasa a ranan nan, lambar wayarsa ta na nan a aljihun baƙonsa.

Kai mai tebur, ke mai wake da shinkafa, kada ku ce wannan zancen manya ne. In buhu ya na da ruɓaɓɓiya a ƙasa, faɗa wa mai saye tun bai biya ba. In ba ka da abin da ya ke nema, nuna masa rumfar maƙwabcinka, ko da kun yi faɗa jiya. Yarinyar nan kuma mai ɗaukar kaya a ka, wadda ta zo daga arewa, biya ta ladanta cif, ka ba ta ruwa ta sha. Baƙo in ya sauka daga mota, sau da yawa ita ya kan fara tambaya inda ake sayar da doya mai kyau.