Kek a Gwangwanin Madara

A Zuru, da zarar Sallah ta ƙarato, ko Kirsimeti, ko bikin Uhola, gwangwanin madarar ruwa kan yi daraja a hannun mata. A yanke bakinsa, a daddanne kaifin don kada ya yanki yatsa, a wanke, a shanya. A cikinsa ake gasa ƙananan kek ɗin nan da ake kira mafin, babu faranti mai gurabe 12, babu oben. Wasu na yi wa abin kallon dabarar rashi, wadda ake yi kafin a samu kuɗin kayan aiki na gaske. Ban yarda da su ba, tarihi ma bai goyi bayansu ba.

Littafin girkin da Amelia Simmons ta fitar a Amurka a 1796 ya kawo kek da ake gasawa a ƙananan kofuna. Farantin ƙarfe mai gurabe ya zo daga baya. A 1859 ne Nathaniel Waterman na birnin Boston ya yi rajistar nasa.  Ashe mai gwangwani ce ke kan asalin sana'ar.

Inda aikin yake shi ne wajen wuta. Kek na son zafi kimanin digiri 180, kuma yana son ya zo masa ta ko'ina. Shi ya sa ake zuba rairayi mai tsabta a gindin babbar tukunya mai kauri, kamar tudun yatsu uku, a rufe, a bar shi a kan garwashi ya ɗau zafi sosai kafin a jera gwangwanaye. Rairayi ba ya saurin zafi, ba ya kuma saurin hucewa, don haka yana tare ƙunar wuta ya raba ta daidai. Amma wannan rabin aiki ne. Idan ba a ɗora garwashi a kan murfi ba, za a sauke kek mai baƙin gindi da farin kai, cikinsa kuwa danƙo. Gwanaye kan rage wutar ƙasa, su ƙara ta sama. Sannan a yi haƙuri: kada a ɗaga murfi kafin minti 15, domin iskar da bekin foda ta hura cikin ƙullu ba ta samu abin da zai riƙe ta ba tukuna, sanyi na shiga sai kek ya zauna. Bayan minti 20 zuwa 25 a soka tsinke a tsakiya. In ya fito ba ƙullu, ya yi.

Kwaɓi ma yana da nasa sirrin, kuma a nan hannun da ya saba buga ƙullun fanke yake yin ɓarna. Fanke na son bugu, mafin ba ya so. A haɗa fulawa da sukari da bekin foda gefe guda, ƙwai da madara da mai gefe guda, a juya su tare kaɗan, ko da 'yan gudaji sun rage. Yawan juyi na tayar da danƙon alkama, kek ya fito da tauri. A shafa wa gwangwani mai, a barbaɗa fulawa, a zuba ƙullu kashi biyu cikin uku kawai.

Abin da ya fi damuna shi ne zaɓen gwangwanin. Da yawa daga cikin na zamani an shafe cikinsu da wani siririn rufi mai kama da roba, wanda ba don gashi aka yi shi ba. Wanda aka ga farin shafe a cikinsa, ko ya yi tsatsa, a ajiye shi. Na fenti ko na man inji kuwa kada ma a kusance shi. Ƙananan kofunan silba sun fi kwanciyar hankali, kuma suna nan a kasuwa.

Tunda ƙasar Zuru ƙasar dawa ce, alkama kuwa yawancinta daga waje ake shigo da ita Nijeriya, ana iya maye kashi ɗaya cikin huɗu na fulawa da lallausan garin dawa. Dawa ba ta da danƙon alkama, saboda haka in aka wuce wannan ma'auni kek zai riƙa marmashewa. Ƙarin ƙwai guda yana taimakawa wajen riƙe shi.